Hedley Garside da Zagayen Ƙarshe na Baƙin Inji

Idan aka danne wa mutum hakkinsa, amma cikin waɗanda suka danne ɗin babu ko ɗaya da ya ƙulla mugunta a ransa, wa za a kama da laifi? Tun makon da aka yi jana'izar sarauniya a Landan nake juya wannan tambaya, har yau ban kamo bakin zarenta ba. Abin da na sani kawai, a garinmu akwai wani tsoho da bai zauna jiran amsa ba. Tunda a ƙarshen watan nan zai ajiye kayan aikinsa, don hannunsa ya fara rawa, ya kamata a ambaci sunansa da ƙarfi tun yana ji.

Hedley Garside ke nan. Kullum da safe, kafin shagunan titi su buɗe, yakan gangaro daga tudu da burodinsa a aljihun kwat, ya buɗe ƙofar bayan tsohon ɗakin taron coci, inda ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta shimfiɗa duniyarta a kan katako: tuddai na filasta, gada, rami, tasha mai fitilu kamar ƙwayar shinkafa, da layin dogo wanda faɗinsa bai wuce na yatsa ba. Ya ɗora butar shayi, ya ɗauki tsumma ya bi layin kaf yana gogewa, domin dauɗa kaɗan ta isa ta yanke wuta, jirgi ya tsaya cik a gaban 'yan kallo. Ba wanda ya taɓa tafa wa mai goge layi. Sai ranar da bai goge ba ake tuna akwai shi, kuma shekara arba'in bai bari an tuna ba.

Daga nan sai teburin gyara. Duk injin da ya ƙi tafiya, wurinsa yake zuwa. Mun ga matar da ta kawo injin mahaifinta da ta tsinta a saman rufi, tsatsa ta cinye shi, ta koma gida da shi yana gudu, ita tana share ido. Mun ga yadda yake ɗaukar ɗan layinsa mai naɗewa a cikin akwati zuwa gidan kula da tsofaffi, inda waɗanda suka manta sunan 'ya'yansu sukan tuna sunan tashoshi. Tsohon ƙarfe, ka fi sabon gwangwani.

Tun yana saurayi shi ne mai zuba kwal a kan jirgin kaya na gaske, direbansa kuwa Wilf Ackroyd. Dokar dogo ce, jirgin kaya ya ratse gefe ya jira jirgin fasinja mai sauri ya wuce. A wannan jira suka ƙarar da ƙuruciyarsu, cikin ƙanƙara, suna soya ƙwai a kan shebur a bakin wutar inji, koren inji mai ƙyalli ya zo ya wuce su fuu, fasinjoji na cin abinci a bayan gilashi. Kwal ɗin da koren yake ƙonawa kuwa su suka jawo shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar yabo.

Da suka tsufa sai suka koma ga ƙananan. Injin Wilf baƙi ne, zubin ƙarfe na da, mai nauyi kamar guduma. Bakin bututun hayaƙinsa ya ɓantare, idan yana tafiya gurnani yake kamar injin niƙa, kwal ɗin da ke bayansa kuma na gaske ne, Wilf ya daka ya manna da hannunsa. Na shugaban ƙungiya, Rodney Thwaite, kore ne sabo fil, kwaikwayon irin waɗanda suka ja jiragen sarakuna. Kowace ƙusa ta fito a jikinsa, yana huci, yana fitar da hayaƙi. Idan aka tambayi Hedley wanne ya fi, sai ya ɗora su a tafukansa biyu ya ce, "Wannan kamanninsa gaskiya ne, wannan kuma halinsa. Koren nan in ka yi masa atishawa sai wani abu ya ɓalle. Baƙin kuwa jefa shi ta taga, ka sauka ka ɗauka, tagar ce za ta nemi gyara." Amma duka biyun da mai ɗaya yake shafa musu.

Ƙungiyar tana da al'ada da suke kira zagayen ƙarshe. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, kafin a binne shi kowa zai kawo injinsa ya tsayar a gefe, a ɗaura wa injin mamacin baƙin zare a goshi, shugaba ya busa usur, injin ya zaga layin shi kaɗai. Wilf ya sha cewa yana dariya, "Ranar tawa, dukanku sai kun jira ni. Har kai, Rodney, da ɗan koren naka."

Sai ga shi ya rasu a makon makokin sarauniya.

Ba ni da rigima da tsohuwar, Allah ya jiƙanta, ta yi aikinta har ƙarfinta ya ƙare. Rigimata da mu ne, masu rai. An sa ranar binne Wilf Litinin, sai aka ce Litinin ta sarauniya ce, aka tura shi Talata kamar kayan da ba a gaggawarsu. 'Yan'uwan da suka nemi hutun aiki suka ce ba za su iya sakewa ba. Mutanen garin nan da suka hau mota har Landan, suka bi layi a bakin kogi don su ga akwatin matar da ba ta san da su ba, ba su iya hawa tudu su ƙwanƙwasa ƙofar Enid, matar Wilf, su ce mata sannu ba. Kowa da baƙin ƙyalle a hannun riga, kowa na maganar girmama mamaci, ga kuma mamaci a unguwa yana jira. Ko a mutuwa an ratse da shi gefe.

Zaman ƙungiya ɗaya ne ya rage kafin Talata, na ranar Lahadi, Rodney kuwa ya riga ya ba da shi ga jirgin makoki na sarauta, irin wanda aka ɗauki sarakunan da a ciki: koren injinsa a gaba, taragu masu baƙin labule a baya. Ya gayyato magajin gari da mai ɗaukar hoton jarida. Ran Asabar ya shigo da injin a rungume kamar jariri.

"Hedley, mutumina, ka cece ni. Ɗingishi yake yi, ga shi gobe ne gobe."

Hedley ya sa tabarau, ya kifa injin. "Ranka ya daɗe, gashin kyanwa ne ya naɗe masa ƙafa. Ka daina barin kyanwarka Gimbiya tana kwana a akwatinsa. Zancen Wilf fa?"

"Wata mai zuwa. Za mu yi masa na gani na faɗa."

"Wata mai zuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Rakiya kafin tafiya ake yin ta. In mutum ya riga ya tafi, wasan yara ne kawai."

"Ƙasa gaba ɗaya na makoki, Hedley!"

"Enid ba 'yar ƙasa ba ce? 'Yan mintuna nake roƙo. Ka tsayar da naka, nasa ya zaga, ka busa usur, shi ke nan."

"A gaban magajin gari? Wannan abin naku mai gurnani, da bututu ɓantararre? Kai ma ka san bai dace ba."

"Ita sarauniyar ma ai ba a jirgin ƙasa aka ɗauko ta ba. Ta sama aka zo da ita."

Fuskar Rodney ta yi ja. Mutum ne da ya yi kuka na gaske ranar da aka sanar da rasuwar sarauniya, mahaifiyarsa ta taɓa ɗaga shi sama yana ƙarami don ya hango motar sarauniyar. "Ka ji ni da kyau," in ji shi. "Jirgin makokin sarauniya ba zai tsaya wa jirgin kwal ba. Ba a taɓa yi ba, ba kuma daga kaina za a fara ba."

Injin na hannun Hedley, zuciyarsa na tafasa, ya kuma san waya ɗaya siririya da in ya ɗan sassauta ta, koren zai mutu a tsakiyar gada gobe, a gaban kowa, ba mai ganewa. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya zare gashin kyanwar, ya wanke ƙafafun, ya ɗiga mai, har wayar ma ya ƙara mata darma don kada ta saki. Ya miƙa wa Rodney. "Ga shi. Shi bai yi mini komai ba."

Ran Lahadi da rana Hedley ya ɗauki akwatinsa na gidan tsofaffi ya hau tudu zuwa gidan Enid. Bai kira kowa ba, bai zuga kowa ba. Wanda ya tambaye shi ina za shi, ya gaya masa.

"A kan teburina?" in ji Enid. "Shekara sittin ina hana shi kawo wannan ƙazantar kicin ɗina, sai yanzu?"

"Yau ɗaya dai, Enid."

"To ka sa jarida a ƙasa. In ka ɗiga mini mai a kan ƙyallen nan, tare za a binne ku." Ta juya tana neman kofuna a inda ba a ajiye kofuna.

Ya shimfiɗa layin tsakanin butar shayi da kwanon man shanu, ya ɗaura wa baƙin injin zarensa. Can sai ƙofa. Gwen Sugden ce, mai yi wa ƙungiya 'yan bishiyoyi, ta ciro injinta daga jaka ta ajiye kusa da gishiri. Sai tagwayen Hirst, suna musun wanda ya manto biskit. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sulalewa daga ɗakin taron, kowa da injinsa a aljihu, har tebur ya cika, wasu na tsaye a jikin firji.

"Mu fara mana, tsoho," in ji Gwen. "Ni zan busa. Wancan ba zai zo ba."

"Dukanku Wilf ya ce," in ji Hedley.

"Shayi na hucewa," in ji Enid.

"Wilf ya saba jira," in ji Hedley, ya ci gaba da goge layin da ya riga ya goge.

Kai ne, Hedley, wanda aka ba ka wuƙa da nama a kan wanda ya ɓata maka rai, ka mayar da wuƙar kube. Kai ne ka ƙi yarda a rage wa mamaci ko mutum ɗaya daga cikin masu tsaya masa, ko da kuwa mutumin bai cancanci a jira shi ba. Mu da muka iya fushi a baki, kai ka iya shi a aiki. Mun gode, madalla da kai. Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya gyaran inji ba. Duk ranar da duniya ta juya fuska wuri guda tana makokin babba, ku waiwaya ku duba wanda aka ratse da shi gefe a layinku, ku hau tudun.

Rana ta fara karkata sa'ad da aka buga ƙofa da ƙarfi. Rodney ne, da baƙin kwat da lakataye, yana haki, akwati a hammata.

"Kun kyauta! Kun bar ni daga ni sai magajin gari, shi ma hoto ɗaya ya tsaya aka ɗauka, ya ce yana da wani taron."

"Goge ƙafarka, Rodney," in ji Enid.

Ya goge. Ya dubi Hedley. "Tun da na kunna injin nan nake jira ya tsaya, in ce kai ne. Ya ƙi. Ko tuntuɓe bai yi ba. Sai zagawa yake, yana zagawa, ba mai kallo sai ni."

"Ai na ce maka gashin kyanwa ne."

Ba wanda ya yi dariya. Rodney ya dubi teburin, injuna jere shiru tsakanin kofuna, baƙin na tsaye shi kaɗai a kan layi da zarensa a goshi. Ya buɗe akwatinsa, ya ciro koren, ya rasa inda zai sa shi. Gwen ta ture kwalbar gishiri. Ya ajiye shi a nan, a gefe, bayan injin tagwaye. Sa'an nan ya laluba aljihun kwat ɗinsa ya ciro usur.

"Uwargida Ackroyd," ya ce, "kin ba da izini?"

Enid ta gyaɗa kai. Rodney ya cire hularsa, ya busa.