Yatsan Malam Haruna

Mun tashi da asuba daga Gusau, mu biyar cikin Landiroba ɗaya: ɗan majalisar tarayya na yankinmu, da abokin aikinsa daga kudu wanda ba ya jin Hausa, da wani hafsan soja da aka haɗa mu da shi, da direba, sai ni da aka ɗauko tafinta. 'Yan majalisar biyu suna cikin kwamitin da ke sa ido kan kuɗin soja da ɗaukar kurata. Abin da ya taso su layi ɗaya ne cikin rahoton da aka kai musu: wai a Kaura da Shinkafi da Zurmi an mayar da samari da dama gida saboda iyayensu sun ƙi shaidar su. Namu ɗan majalisar ya rantse ba zai sa hannu a kasafin ba sai ya ji maganar daga bakin iyayen. Laraba muka fito, ranar Asabar kuma jirgin ƙasa mai ɗaukar kurata zai bar Kaura. Wanda bai shiga ba, sai baɗi.

Da hantsi muka shiga Kaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare. Buhunan gero da gyaɗa sun tsaya a tasha har sun fi mutum tsawo. Muka karya da waina ta kwabo goma-goma, baƙonmu na kudu ya ci shida yana ta cewa ɗanɗanawa yake yi. Daga nan muka sami akawun da ya yi rajistar, mutum mai tsanaki, baƙo ne a ƙasar. Ya bayyana mana yadda ake yi: saurayi ya ci gudu, ya ci awon ƙirji da na tsawo, sai a tsayar da shi gaban ubansa a ce, wannan ɗanka ne? Faɗi sunansa. Wasu iyayen suka faɗa. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu ma suka kakkaɓe riga suka tafi. Shi kuwa ya rubuta abin da ya gani. Tun a nan na fara jin ƙanshin zancen, amma na kama bakina, don tafinta mai yawan ra'ayi ba ya daɗewa a mota.

Alhamis muka yi Shinkafi, muka faɗa tsakiyar kasuwa. Shanu, raƙuma, jakuna, mutanen Nijar da rawunansu, ga masu kilishi suna bin mu kamar mun yi musu alkawari. Direba ya sayo kanwa da dabino ya cusa ƙarƙashin kujerar hafsa. A kara, inda ake sayar da dabbobi, muka sami uku daga cikin samarin da aka mayar, suna taya dillalai kora. Na roƙi izini na yi wa kowanne tambaya guda: kai ne na nawa a gidanku? Duk ukun 'ya'yan fari ne.

Sai na kwance wa baƙinmu zancen. A ƙasar nan uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna shi a taro ya ce nawa ne. Kunya ce, ba ƙi ba. Ɗan majalisar kudu ya riƙe baki. Hafsa kuwa bai ko motsa ba, ya ce shi takarda ya sani. In har akwai uba ɗaya daga cikinsu da zai shaida ɗansa a gabansa ya dangwala yatsa, zai buɗe rajistar ga sauran. In babu, rahoto ya zauna. Muka aika a kira iyayen ukun nan. Da suka ji abin da za a tambaye su, ko ɗaya bai zo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Samarin ne suka ce mu nemi Ummaru, na wani ƙauye kusa da Dauran, wanda ya zo na ɗaya a gudu.

Hanyar Zurmi ta ba mu kashi. Mota ta kafe cikin yashin wani rafi, 'yan majalisa biyu suka naɗe riguna suka yi turi, abin da na so a ce masu zaɓensu sun gani. Muka yi Juma'a a Zurmi, bayan an sauko muka juyo muka nemi ƙauyen.

Malam Haruna, uban Ummaru, dattijo ne siriri, manomi mai 'yan shanu. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi. Ummaru na tsaye can jikin rumbu, dogo, ya harɗe hannu. An ce tun ranar da aka mayar da shi bai kwance ƙunshin kayansa ba.

Hafsa ya yi tambayarsa, na juya ta da Hausa. Dattijon ya dubi ƙasa.

"Haba Yallaɓai, da bakin ga nau? Ku tambayi mai unguwa mana, ga ya nan."

Hafsa ya girgiza kai, ya fara rufe fayil. Na ga Ummaru ya juya fuska jikin rumbu. Nan na manta ni tafinta ne. Na ce, "Baba, gobe jirgi zai tashi. In ba ka yi magana ba, an rufe."

Dattijon ya juya mana baya gaba ɗaya, ya fuskanci garka, ya miƙo hannun dama ta baya.

"Ku dangwala. Wanga da kuka gani, jikan tsohona na. Tsohona kuwa ni ɗai ya haihwa namiji."

Na fassara kalma da kalma. Hafsa ya dube ni, ya dubi hannun da ke miƙe, sai ya fashe da dariya, karo na farko tun Gusau. Da kansa ya kama yatsan ya shafa tawada ya danna. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Ɗan majalisarmu ya ce a rubuta nan take: kwamiti zai nemi a riƙa karɓar shaidar baffa ko mai unguwa a kan ɗan fari. Na kudu ya ce shi zai fara tashi ya goyi baya. Direba ya kwana a hanya yana kai saƙo Shinkafi cewa an buɗe rajista.

Asabar da safe tashar Kaura ta cika. Ummaru da samarin nan uku suka shiga tarago, da wasu da labari ya iske. Ina ta murna kamar ni aka ɗauka. Can na hango Malam Haruna wajen buhunan gero, ya tako tun daga ƙauye, yana ta tayin hatsin da ba saya zai yi ba. Bai ɗaga hannu ba. Amma bai bar wurin ba sai da hayaƙin jirgin ya ɓace.

La'asar sakaliya muka iso Gusau. Tafiyar ta koya mini cewa rahoto yana iya faɗin abin da aka gani daidai, ya kuma yi kuskure, sai in wani ya tako ya tambaya. Na sauka ƙofar gidanmu da ƙurar kwana huɗu. Mahaifina na zaune a zaure. Ni ma ɗan fari ne, shekara talatin ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma na daɗe ina riƙe da abin a raina. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Wancan ya dawo. Ku ba shi ruwa."

Ruwan da aka kawo da sanyinsa. Ƙanwata ta ce tun azahar ya sa aka ajiye shi cikin randa.