Gidan da Na Gina wa Kunnen Yaya Balki

Kakarmu ba ta iya ba da tatsuniya a zaune wuri ɗaya ba, kuma ina yaro babu abin da ya fi wannan ba ni haushi. A ƙauyenmu da ke bayan Dauran, in an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, sai a tara kara a tsakar gida a hura wuta mu kewaye ta, ni da yayata Balki da 'ya'yan baffanmu. Kaka za ta fara a gabanmu lafiya lau. Amma da zarar kura ta shigo labari, sai ka nemi tsohuwa ka rasa. Ta lallaɓa bayan rumbu ta kafa baki cikin tsohon tulu, muryar kura ta fito daga can. Kafin ka waiga ta koma bakin zaure tana kukan akuya. Ni mai ido kullum sai ta ruɗa ni. Yaya Balki kuwa, wadda ƙyanda ta tafi da ganinta tun tana ƙarama, ko kai ba ta juyawa. Sai dai ta ce, "Tana wajen turke," kuma can ɗin take.

"Angona, kai dai idanu gare ka," in ji Kaka in ta dawo tana haki. "Kunnuwan ga naka ado na. Sakinka zan yi in auri mai ji."

Akwai wata tatsuniya da na tsana, ita kuma ta fi son maimaita ta. Takan buɗe ta da cewa, "Ku miƙo kunnuwa, ga wata ta taho." Wata yarinya ce ta kai wa babanta abinci gona da damina, dawa ta fi mutum tsawo. A dawowa hanya ta ɓace mata. Can sai ta jiyo ƙarar taɓarya, ta san dakan uwarta ne, ta ce bari in bi. Ta bi ta bi, ƙarar nan yanzu tana dama, an jima tana baya. Sai ta gamu da bushiya. Bushiya ta ce mata ai aljani ne ya sace ƙarar ya ɗura a gora yana yawo da ita, amma akwai dabara: ta ƙunshi toka a zanenta tana barbaɗawa tana tafiya, don ba a ganin aljani amma sawunsa yana fita a toka. Yarinya ta samu inda aka ƙone sassabe ta kwashi toka, ta yi ta barbaɗawa har ta ƙare, sannan ta hau kan suri ta duba ƙasa. Babu sawun kowa sai nata, ya zagaye gindin kalgo ɗaya sau ba adadi. Turmi yana inda yake tun safe.

"To aljanin fa?" Kullum sai na tambaya.

"Wane aljani? Bushiya dai ta hwaɗi nata."

"Ta kai gida?"

"Ta dai gane inda take tsaye. Tashi ka kwanta."

Ni a ganina wannan cuta ce tsagwaronta. An yi mini alkawarin aljani an hana ni, an kuma bar yarinya a kan suri. Nakan tafi ɗaki ina gunaguni, Yaya Balki tana yi mini dariya.

Kaka ta rasu kafin 'yan bindiga su tashe mu, kuma har yau ina gode wa Allah da ba ta ga ranar ba. Yanzu muna haya a Kaura Namoda. Kowa ya yi asara, amma ta Yaya Balki daban take. A gida ita kaɗai take zuwa rijiya ta dawo, ta san kowace kusurwa da ƙararta. A nan kuwa daga injin niƙa sai babura, sautin da bai gaya mata komai ba. Matar da ba ta taɓa neman ɗan jagora ba ta koma zaman ɗaki.

Ni kuma na koyi haɗa ƙananan wasannin kwamfuta, kuma ɓangarena shi ne sauti. Rannan baki ya yi mini kaye na ce zan gina mata gidanmu a cikin wasa, ta sa iyafis a kunne ta zagaya shi da maɓallai huɗu. Na yi ta yawo da waya ina naɗar sauti: guga a wata rijiya ta Moriki, shanu a kasuwar Shinkafi, kaji da daka a gidan maƙwabta. Na dasa kowanne a mazauninsa kamar yadda idona ya tuna.

Ranar farko ta sa iyafis, ta yi taku kaɗan, ta cire.

"Wanga ba gidanmu ba na."

"Me ya ɓaci, Yaya?"

"In ka hito zaure rijiya hagu take. Ni na jiyo ta bisa kaina, kuma sai ta koma baya."

Na matsar da rijiya. Washegari rijiya ta yi daidai, turke ya gudu. Na matsar da turke, kaji suka koma cikin bango. Mako uku muna wannan, ga wuta ana ɗaukewa a kawo, ga zafi, ni ga ciwon kai. In na sa iyafis ɗin da kaina ina kallon allo, komai ras. Na zargi iyafis na sayo wani. Na zargi manhajar da nake aiki da ita, na zage ta tas ni kaɗai a ɗaki. Da na rasa wanda zan zarga, sai na faɗi maganar da har gobe nake jin kunyarta.

"Yaya, anya ba ke kika mance gidan ba?"

Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Ta naɗe wayar iyafis a hankali ta miƙo mini, ta ce, "Ƙila." Kwana biyu ba ta sake tambayar wasan ba. Na gan ta da rana tana ƙirga taku a ranta, leɓɓanta suna motsi, daga zaure zuwa rijiya, tana tsayawa tana sakewa. Gidan nan a kanta kaɗai ya rage mata, ni kuma na sa mata shakka a kansa.

A manhajar akwai wata taga da ke nuna sauti a ido yayin da wasa ke gudana. Duk abin da ke fitar da ƙara yana bayyana a matsayin ɗigo, da da'ira kewaye da shi mai nuna iyakar inda ake jin sa. Kunnen da ke sauraro a cikin wasan kuma 'yar kibiya ce mai nuna inda aka fuskanta. Na san da tagar tuni, girman kai ne ya hana ni buɗe ta, wai ni kunnena ya ishe ni. Ranar na mayar da komai mazauninsa na farko, na buɗe. Ga ɗigon rijiya a hagun zaure, daidai inda ta ce. Ga turke, ga kaji, kowa a wurinsa. Na nemi kibiya a kan mutumin da ke tafiya cikin wasan, babu ita. Tana can sama a bayansa, manne da kyamarar da ke nuno wasan a allo, ita kuwa kyamara duk ta zo kusa da bango sai ta kewaya da kanta don mai kallo ya ga hanya. Mai ido ba zai lura ba, idonsa yana gyara masa. Yaya Balki kuwa gidan gaba ɗaya yake juya mata.

Na daɗe ina kallon kibiyar nan, haushin kaina kamar in fasa allon. Mako uku ina farautar aljani, ina tumɓuke rijiya ina dasawa, ban taɓa duba inda na tsayar da mai sauraro ba. Abin da tsohuwar nan take nufi ke nan, kuma sai da na ɓata wa 'yar'uwata rai na gane. Gyaran kansa bai kai a dafa shayi ba: na cire kibiya daga kyamara na ɗora a kan mutumin.

Shawo kan Yaya Balki ya fi gyaran wuya. Na durƙusa na ce laifina ne, ba ta mance komai ba, na ga shaida da idona.

"Sai da ka gani kag yarda," ta ce. Amma ta miƙo hannu.

Ina kallon kibiyar a allo. Ta fito zaure, ta karya hagu, ta tafi kai tsaye har ɗigon rijiya ba ta kauce ba. Ta juyo ta bi ta turke, ta ratsa kaji, ta shiga tsakar gida. Nan ta tsaya. Ta danna wannan maɓalli, ta danna wancan.

"Wanne na na zama?"

"Babu, Yaya. Tafiya kawai ake yi."

"Sanusi, mutum shi kai gida shi yi ta tsayuwa kamar baƙo?"

Ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Na kama kibiyar da hannuna na ja ta ƙasa a hankali, har ta kai tsayin macen da ke zaune a kan tabarma. Ta ɗan karkata kai, ta ce kajin sun matso. Sannan ta janye hannunta daga maɓallan ta ɗora a cinya.

Babu wuta tun safe, batirin kwamfutar kuma saura kaɗan. Ban gaya mata ba.