Hannu-a-Baya

Kawuna mai gyaran kwamfuta ne, idanunsa kuma sun fara tafiya. Likita ya ce ba za su dawo ba. Shi ba duhun ne ya dame shi ba, shagon ne. In ba ya ganin abin da ke kan allon kwamfuta, dole ya rufe ya koma gida, zaman gida kuwa kashe shi zai yi.

'Yan layin suna kiransa Hannu-a-Baya, kuma ba sharri suka yi masa ba. Ka kawo masa kwamfutarka ka ce a sa maka manhajar rubutu ko ta gyaran hoto, sai ya ciro filashin da ke rataye a wuyansa. Cike yake da manhajojin kyauta, irin waɗanda masu su suka ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Sai ya zaunar da kai a kujerarsa, ya koma bayanka ya goya hannu.

"Danna da kanka," abin da zai ce ke nan.

Kai, Kawu ya sha mita a kan wannan hali! Wata malama ta taɓa ce masa, "To in ni zan yi, me ya kawo ni wurinka?" Ya ce, "Don gobe ki huta da zuwa."

Ni 'yar ƙanwarsa na fi kowa shan wahalar. Kwamfuta uku ne a teburinsa, kowacce da halinta. Mai Windows, ka yi ta danna "gaba" har ta gama. Mai Mak, ka ja hoton manhajar ka jefa a mazauninta. Tsohuwar mai Linuks kuwa, 'yar lelensa, sai ka rubuta mata umarni a baƙin allo. In na yi gaggawa na kuskure harafi ba ya gyara mini, gyaran murya kawai zai yi. Sau nawa na yi kuka na rantse ba zan sake taka shagon ba!

Ran nan na tarar da shi ya kusa manna hanci a allo, wani mutum na tsaye yana duba agogo. Da ya gaji da jira, ya naɗe kwamfutarsa ya fita. Kawu ya cire filashin daga wuya ya miƙo mini.

"Ungo, Sarkin Gaggawa. Ni na gama."

Na karɓa, amma raina ya ɓaci sosai. Ina isa gida na shiga bincike, har na samo manhajar kyauta mai karanta wa mutum duk abin da ke kan allo da murya. Washegari na sa wa mai Windows tata, na kunna wadda ke cikin mai Mak. Saura tsohuwar.

"To ƙarasa mana," in ji Kawu.

Na ja shi na zaunar a kujerarsa, na buɗe masa baƙin allon, na faɗa masa sunan manhajar. Sannan na koma bayansa na goya hannu.

"Danna da kanka, Kawu."

"Ke, ba na gani fa!"

"Yaushe rabon da ka kalli yatsunka in kana rubutu?"

Ya laluba madannan, ya fara bugawa a hankali. Ya kuskure harafi ɗaya. Na yi gyaran murya.

"Ja'ira," ya ce, yana dariya. Ya goge ya sake.

Da manhajar ta gama shiga ya kunna ta, sai tsohuwar kwamfutar ta yi magana, ta karanto masa abin da ya rubuta. Wallahi hawaye ne suka zubo mini. Shi ko juyowa bai yi ba, hannu kawai ya miƙo ta baya.

"Ba ni filashina. Ki ɗage mini ƙofar shagon nan sosai, mutane za su zaci mun rufe."