Takardar da Na Ɓoye wa Yaya Falmata

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Yaya Falmata makwancinta a Guri, kuma har yau in na ji ƙamshin kifi banda a kasuwar Haɗejiya sai na waiga. Kowace shekara addu'a da sadaka nake yi mata, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Mako biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, in share tsakar gida in sake sharewa, har maigidana ya tambaya ko ƙasar ce ta yi mini laifi.

Yaya ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da bandar kifi kuma ta kai ni makaranta har na zama malama. Yatsunta sun fi idon wasu gani. Za ta bi tarwaɗa a kan waya tana latsawa ɗaya bayan ɗaya, ta ware wadda da sauran ruwa a cikinta, ko da ta yi baƙi ƙirin kamar sauran. Da waɗannan yatsun ta gano abin wata safiya tana wanka: ƙullutu kamar ƙwallon dabino a mamanta na hagu, ba zafi, ba ciwo.

Ba ta yi sanya ba. Ta taho Haɗejiya wurina, tunda ni ce 'yar bokon gidan. Malamar asibiti ta duba ta, ta rubuta takarda a kai ta babban asibiti a Kano, a ɗauki hoto, a sa allura a ciro ɗan abin a gwada. Muna dawowa gida matan unguwa suka yi mana caa. Ciwon daji ne, in ji su, daji kuwa ba ya son ƙarfe. Allura na taɓa shi zai fusata ya bazu. Kowacce da labarin wadda aka yi wa aiki ta mutu. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, na saurara, tsoro ya shige ni, na yarda.

Yaya ba ta karatun boko. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Hadiza, me suka rubuta?"

Na ce, "Cewa suka yi a jira a gani."

Na ninke takardar na tura ta ƙasan akwati. Yaya ta koma gida, damina ta sauka, ruwa ya yanke hanyar Guri, aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ruwa ya janye, kifi ya samu, Yaya ta koma bakin murhu. Sai da shekara ta zagayo har da ɗori, fatar wurin ta yi ramu-ramu kamar ɓawon lemo, kan maman ya lotsa, hammata ta kumbura, sannan muka ɗauko ta a kwale-kwale zuwa bakin titi. Likitan Kano ya ce abin ya riga ya kai ƙashi. Ya tambaya ko ba a taɓa turo mu ba. Yaya ta juyo ta dube ni, ta mayar da kanta. Har ta bar duniya ba ta tayar da zancen ba, kuma wannan kawaicin ya fi mini zagi ciwo.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma ba wanda ya sa ni yin ƙarya, ni na yi abata.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Talatu yau, maƙwabciyarta a wurin banda. Ita ma irin ciwon ya kama ta, sai dai ɗanta bai saurari kowa ba. Aka cire mata maman, ta yi watanni tana karɓar allurar nan mai sa amai, gashinta ya zube, faratanta suka yi baƙi. Ta daɗe tana jan hannunta sama a jikin bango kafin ya ɗagu. Yau shekararta shida tana juya kifi, gashi ya dawo har tana kitso, tana komawa a duba ta lokaci-lokaci. Ƙarfe ya taɓa ta iyakar taɓawa, ga ta nan tana faɗa da masunta. Da Yaya na nan da ta tsokane ta, ta ce an rage mata kaya amma ba a rage mata baki ba.

A makare na fahimci abin. Allurar gwaji ba ta baza ciwon. Waɗanda muke lissafawa sun mutu bayan aiki, yawancinsu irinmu ne, sai da abu ya lalace muka kai su, sannan muka ɗora wa wuƙa laifi. Ba kowane ƙullutu ba ne sankara, amma yatsa ba ya iya bambancewa, ko da na Yaya ne. Abin da ke ƙona mini rai, maganar ƙarfen nan ba ta mutu ba. Wayar hannu ma ta samu, tana yawo gida-gida a bakin masu tallan magani.

Mako biyu da suka wuce Ummi ta zo, 'yar Yaya, wadda ta gaji murhun uwarta. Ta ja ni ɗaki, ta kama hannuna ta ce, "Inna, taɓa nan." Na taɓa, na ji ƙullutu a mamanta. Ta riga ta je asibiti, an ba ta takardar Kano, surukarta kuma ta riga ta yi mata karatun ƙarfe. Sai ga yarinyar nan ta miƙo mini takardar tana cewa, "Ajiye mini, Inna, ke ce mai adana, kafin mu yi shawara."

Ban karɓa ba. Na buɗe akwati na zaro ta uwarta, ta yi ja don tsufa, na faɗa mata komai ba tare da na sassauta wa kaina ba. Ta daɗe tana kallon takardar. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba. Ta dai ce, "Ƙarfe nawa motar Kano take tashi?"

An ɗauki hoton, an sa allurar ina riƙe da hannunta. Sakamako sai Alhamis. Ban san abin da za a ce ba, shi ya sa nake ta shara.

In na duba abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Ambaliya ta cinye ɗakinta, murhun ma sau biyu ana sake gina shi. Amma ta bar wa Ummi yatsun nan masu gano abin da ido bai gani ba, kuma su suka kawo ta da wuri. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mini. Ranar Alhamis za mu koma, in Allah ya yarda. Takardar tana hannun Ummi, kuma ita ta karanta abarta da kanta.