Na je kallon duwatsu, na bar mutane da haƙa

Ina tsaye gefen hanyar Gwashi ina jujjuya wani ɗan farin dutse a hannu, sai wani dattijo ya tsayar da babur ɗinsa.

Aiki ya kai ni Bukkuyum. Mun tashi da wuri, na ja mota in sha kallon tsaunuka.

"Alhaji, akwai shi nan?" in ji dattijon.

"Me, Baba?"

"Zinari mana."

"Wallahi kallo kawai nake, wurin ne ya burge ni."

Ya yi murmushi. "Haka kowa ka cewa."

Da na juyo bayan la'asar, ga shi da 'ya'yansa da diga, suna haƙa daidai inda na tsaya. Har hannu suka ɗago min.

Ni kuwa 'yata na tsintar wa dutsen, ta yi wasan 'yar carafke da shi.

Jama'a, in koma in ba su haƙuri, ko in jira kasona?