Kwamfuta a Cikin Tawul

Mai gyara yana kallon dattijon da ke tsaye gaban teburinsa, rungume da kwamfuta a cikin tawul kamar jariri mai zazzaɓi. Tabaraunsa ɗaure da zare. Da gani tsohon akawu ne.

"Ɗana, tunda aka sabunta babbar manhajarta take wannan zafi. Manhaja tana iya ƙona inji?"

"Da wuya, Baba. Sai in ta hana fankar ciki juyawa."

Dattijon ya kara kunnensa a jikinta. Shiru kake ji.

"Muryar mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, tana ciki. Ba ni da ita a ko'ina."

Mai gyara ya jiyo ƙauri, ya miƙa hannu da sauri. Dattijon ya ƙara ƙanƙame ta.