Tuwon Kawu da Gwajin Netwok a Gwandu

Mun tashi daga Kalgo ana idar da sallar asuba, ni da abokin aikina, kwamfutar gwaji a kan cinyata kamar jaririya. Da hannuna na haɗa ta. Tsohuwa ce na saya a kasuwa, na ƙara mata ƙwaƙwalwa da kati mai ramukan waya huɗu, don ta riƙa danna wa netwok lodi kamar ɗalibai sun cika ɗaki. Abokina ya yi ta yi min tsiya kan fanka biyu da na ɗaura mata, wai injin markaɗe na haɗa.

Kawuna ne ya sayar da gonarsa ya buɗe cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Gwandu. Masu duba cibiyoyi na tafe, in netwok ya tsinke a gabansu an soke cibiyar ke nan, yaran Gwandu da Kambaza da kewaye kuma sai dai su tafi Birnin Kebbi.

Hanya ba laifi. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, shanu suka tsare mu har direba ya kashe mota. Ƙosan bakin tasha ya ƙanƙance, amma akwai daɗi.

Da hantsi muka isa. Niyyata mu yi gwaji da sanyin safiya mu juyo. Kawu ya dube ni.

"Gidan ga ba a taɓa aiki ba a ci ba. Zamna."

Fura da nono, sai gaida gwaggo, sai maƙwabta, sai tuwon shinkafa da kifi. Wallahi raina ya ɓaci, amma wa zai musa wa kawu? Sai bayan azahar muka shiga ɗakin jarrabawar, rana na dukan kwano.

Na jona, na saki lodi. Da farko lafiya lau. Can sai kwamfutoci suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kawu sai jan carbi yake. Muka bi waya har na'urar da ke rarraba netwok. Ashe saboda ɓarayi an kulle ta a akwatin ƙarfe dab da rufi, ko huda babu. Na taɓa na janye hannu, kamar tanda. Da da safe muka gwada, da ƙalau za ta nuna, mu tafi mu bar shi da bala'i.

Muka sauko da akwatin, maƙeri ya huhhuda shi, na cire fanka ɗaya daga injin markaɗen nawa na ɗaura. Har la'asar ina danna lodi, ko gezau.

Bayan magariba muka iso Kalgo da ƙwaryar fura, abokina bai ƙara zancen fanka ba. Na koyi cewa a ƙasarmu da tsakar rana ake gwada netwok. Ranar da masu dubawa suka amince da cibiyar, kawu ya kira ni. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "To, ɗana, ka ga amfanin tuwo?"